Hayaƙi a Gidan Makoki

An yi wani mutum a ƙauyen nan namu, can wajen bakin magudanar ruwa, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Waɗansunku sun san shi. Waɗanda ba su sani ba, kada su je suna tambaya in an tashi. Yana da 'ya mace da ke tasowa, ba na so labarin ya bi ta.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba mashayi ba ne, ba ɗan caca ba ne. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba. Da a shekarun baya aka ce in nuna wanda ya fi naci da haƙuri a samarin garin nan, shi zan nuna.

Ya yi karatu har kwaleji a Multan, ya dawo babu aiki. Ya nemi tafiya Dubai sau biyu, bai dace ba. Gonar da ubansa ya bari ba ta kai ta riƙe gida ba. Ga mata, ga jaririya, ga tsohuwa. Sai ya koma neman abinci ta waya, kamar yadda samari da yawa ke yi yanzu.

A cikin wayar ya haɗu da wani mai koyar da neman kuɗi ta intanet. Abin da mutumin ke nanatawa ɗaya ne: «Kullum. Bidiyo ɗaya kowace rana, a lokaci ɗaya. Na'urar da ke raba bidiyo ga masu kallo ba ta san uzuri ba. Ka yi fashin rana guda, ta manta da kai.»

Ya ɗauki gawayi ya rubuta kalmar a bangon ɗakinsa, daidai saitin inda yake kwanciya. Kullum.

Me zai ɗauka? Ba shi da mota, ba shi da murya, bai iya ban dariya ba. Abin da yake da shi uwa ce.

Bebe Sardaran, Allah ya jiƙanta; Bebe, yadda muke kiran uwa a nan. Gajeriyar tsohuwa mai mayafi ruwan toka da awarwaron azurfa biyu. Injin yankan ciyawa ya datse mata kan babban yatsan hagu tun tana amarya, amma babu macen da ta kai ta iya juya gurasa. Murhun laka da ke tsakar gidan ita ta gina shi da hannunta, duk shekara ta sake shafe shi.

Ranar farko da ya kafa waya a gabanta, ta ja mayafi ta rufe baki.

«Me kake haska ni da shi kamar ka kama ɓarauniya?»

«Bebe, girkinki kawai zan ɗauka. Mutane za su kalla.»

«Su kalli me? Su ba su da uwaye ne?»

Suna da su. Sai dai suna nesa. Amma wannan sai daga baya aka gane.

Wata goma sha huɗu yana ɗorawa, ba mai kallo. In ya bi ta rumfar mai shayi, Ashik mai shayi ya ɗaga murya: «Ku gyara zama, ga mai silima ya iso! Jiya mutum nawa suka kalla, goma sha ɗaya? Biyu daga ciki ni ne, na danna bisa kuskure.» A yi dariya. Shi ma ya yi murmushi ya wuce. Ranar da aka ɗauke wuta, ya hau keke zuwa garin gaba ya cika batir. Ranar da ruwa ya cika tsakar gida, ya ja murhun ƙarfe zuwa rumfa. Ranar da zazzaɓi ya kama shi, ya ɗauka yana karkarwa. Bai yi fashi ba.

Ban zo in zagi wannan ba. Wannan hali ne mai kyau, kuma Allah ya saka masa. A hunturu na biyu wani bidiyo na miyar ganyen sarso, wato mustad, da gurasar masara ya bazu. 'Ya'yan ƙasar nan da ke tuƙa manyan motoci a Sharja, da masu tsinkar tumatir a Italiya, suka ga hayaƙin kashin shanu yana tashi, suka ji tsohuwa tana faɗa da kaji, sai suka tuna gida. Mabiya suka kai dubu ɗari uku. Aka rufa ɗaki da siminti, aka sayi ɓaunar tatsa. Ashik mai shayi ya daina tsokana, ya koma cewa a ɗauko rumfarsa ita ma.

Tsarin aikinsa ɗaya ne. Bayan azahar ya kafa waya a kan sanda mai ƙafa uku, Bebe ta yi girki. Ƙarfe bakwai daidai ya ɗora.

Ni nake kiran sallah a masallacin nan shekara ashirin da wani abu, kuma lasifikarmu tana fuskantar gidansu. Da zarar na ɗaga murya da la'asar, Bebe takan kakkaɓe gari daga hannunta ta ce: «Ya isa haka, ɗana. Kashe abin nan, an yi kira.»

Kullum sai ta faɗa. Kullum kuma, in ya zo gyaran bidiyo, sai ya yanke wajen, domin ba girki ba ne. Masu kallo ba su taɓa ji ba.

Da farko yakan kashe ya taho. Ina ganinsa a sahu na biyu. Daga baya ya lura cewa hasken la'asar ya fi kowane haske kyau a kan tukunya. Sai ya fara cewa: «Bari in gama wannan, Bebe.» Ya zo a raka'ar ƙarshe. Ya zo bayan an sallame. Sannan gurbinsa a sahu ya cike da wani, ba wanda ya lura sai ni da ita.

Da yamma yakan karanta mata abin da mutane suka rubuta a ƙasan bidiyo. Ita ba ta iya karatu ba. Ta sa musu suna, 'ya'yana na cikin waya. Akwai wani Tanwir, direban tirela a Sharja, wanda uwarsa ta rasu yana can bai sami zuwa jana'iza ba. Kullum yakan rubuta layi ɗaya ko biyu. Bebe ta riƙe sunansa. «Tanwir ya yi magana yau? Ka ce masa ya rage shayin nan ya ci abinci mai nauyi.»

A hunturu na uku ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ta sa aka kira ƙanenta, Mamu Nazir, da surukarta Shagufta, matar mutumin. A gabansu ta kama hannun ɗanta.

«Ni ban je Makka ba. Ban gina masallaci ba. Abin da na iya na karatu bai wuce na sallah ba. Amma ka ce mutum dubu ɗari uku suna kallona. Ranar da na tafi, ka gaya musu. Ka ce kowa ya yi mini Fatiha ɗaya. Ba na son komai bayan wannan.»

«Bebe, ki daina irin wannan magana.»

«Ɗora hannunka a kaina ka ce to.»

Ya ɗora. Ya ce to.

Ku riƙe wannan, ya 'yan uwa, domin duk labarin a kansa yake. Wasiyya ɗaya. Ba gona ba, ba zinariya ba. Ya buɗe baki ya faɗi abin da bai kai kalma ashirin ba.

Ta rasu ranar Laraba da hantsi. Ni na yi sanarwa a lasifika. Muka rufe ta kafin la'asar. A lissafinsa, ranar ita ce ta ɗari tara da goma sha biyu ba fashi.

Yana da sauran bidiyo ɗaya cikin waɗanda ya tara kafin ta kwanta. Ƙarfe bakwai, masu ta'aziyya na zaune a tabarma, ya tashi kamar zai kewaya, ya shiga ɗaki ya ɗora. Ya ce wa kansa gobe zai sanar.

Kun san al'adarmu. Gidan da aka fitar da gawa ba a hura wuta kwana uku. Dangi da maƙwabta ne ke kawo abin da muke kira gurasar ɗaci. Ban ce muku farilla ba ce. Amma tushenta mai kyau ne, domin an koya mana mu dafa wa masu rashi. Kuma murhun da ya yi sanyi yana faɗa wa gari cewa a gidan nan an tsaya, wani abu ya faru da ya fi ciki girma.

Ranar Alhamis bayan azahar, hayaƙi ya tashi daga tsakar gidan.

Mata a kan soraye suka gani. Masu komawa gona suka gani. Ni ma na gani daga ƙofar masallaci, siririn hayaƙi fari, a miƙe, ba iska.

Shagufta ce daga baya ta gaya wa matata yadda aka yi. Mijin ya shigo ɗaki riƙe da mayafin ruwan toka da awarwaron nan biyu.

«Baban Rimsha, ka ji tsoron Allah. Jiya fa aka fitar da ita.»

«Hannu kawai zan ɗauka. Na mako ɗaya ne, kafin in san yadda zan faɗa musu.»

«Yadda za ka faɗa? Ka ce ta rasu. Har akwai wani yadda?»

«In na faɗa yau, shafin ya mutu yau. Ke za ki ciyar da yarinyar?»

Ya zura mata awarwaron.

Mamu Nazir ya iso da tukunya ɗaure a bayan babur, ya tura ƙofa. Abin da ya gani shi ne mayafin yayarsa tsugune a gaban murhun yayarsa, hannu biyu suna murza gari, babban yatsan hagu a lanƙwashe cikin tafi don kada a gane. Sai mayafin ya motsa, ya ga fuskar Shagufta, hawaye na ɗiga cikin ƙullun.

Ya ce: «Kai! Ƙasar kabarinta ko bushewa ba ta yi ba!»

Mutumin bai ɗauke ido daga waya ba. Ya ce: «Mamu, rage murya. Ana ɗauka.»

Mamu Nazir ya ajiye tukunyar a bakin ƙofa, ya juya babur. Bai ƙara taka gidan ba.

Ɗan kuwa ya rubuta wa masu kallo cewa an yi wa Bebe aikin ido, ba ta son a nuna fuskarta sai ta warke. Murya kuwa yana da ta kwana ɗari tara a ajiye. Ya yanko «miƙo gishiri» daga nan, ya yanko tari daga can, ya yanko faɗa da kaji, ya jera. A shafin akwai wurin da ake zuba kalmomin da ba a son gani, duk saƙon da ya ƙunshe su ya ɓace da kansa. An yi shi don zagi da batsa. Shi sai ya zuba: rasuwa, jana'iza, ta'aziyya, Allah ya jiƙanta. Duk ɗan garin nan da ya rubuta wa Bebe addu'ar rahama, na'ura ta haɗiye.

Saura kuwa suka yi ta rubutu. Allah ya ba Bebe lafiya. Allah ya ƙara mata tsawon rai. Tanwir ya rubuta: Bebe, ki daina zama kusa da hayaƙi sai idon ya warke.

Shi kuma yana bi yana amsawa: Amin. Amin. Amin.

Ya 'yan uwa, ku duba wannan abu. Harsuna dubu ɗari uku a shirye, suna son matar nan, kullum suna ɗaga mata hannu. Suna roƙa mata tsawon rai, alhali tana kwance a kan haƙarƙarinta na dama tana jiran abu ɗaya. Wa ya tsaya tsakaninta da shi? Maƙiyi ne? Ɗan da ta haifa ne.

Mako ya zama wata. Aka yi sadakar arba'in, ya tashi daga cikin taro ƙarfe bakwai saura.

Abin da zan faɗa yanzu ban gani da idona ba, an gaya mini ne. Kuma ban ce matattu suna dawowa ba. Ba sa dawowa.

Shagufta ta ce mayafin ya fara ƙanshin kafur, irin wanda ake zubawa a ruwan wankan gawa, alhali bai taɓa kusantar makara ba. Ta wanke da sabulu, ta shanya a rana kwana biyu. Da ta yafa, ƙanshin ya dawo. Ta ce abincin da aka dafa don waya ba ya ciyuwa. Gishiri daidai, mai daidai, amma a baki kamar ana tauna auduga. Ta zuba a bayan gida. Hankaka, wanda ba ya barin ko ɓawon albasa, ya sauka ya leƙa ya tashi.

Sannan wata rana, a wata na uku, wani mai kallo ya rubuta: Yau Bebe ta sa ni kuka. Haka uwata take ce mini, kashe abin nan an yi kira.

Ɗan ya karanta sau biyu. Ya buɗe bidiyon ya ja zuwa ƙarshe. Ga hannun Shagufta yana sauke tukunya. Ga muryata daga nesa ina kiran la'asar. Sai ga muryar Bebe, a fili, kusa da waya: «Ya isa haka, ɗana. Kashe abin nan, an yi kira.»

Ya ce gajiya ce, ya jawo guntun bisa kuskure. Mai yiwuwa ne. Ya zauna ya bi duk ajiyarsa, ya goge duk inda ta faɗi maganar. Bayan kwana shida ta sake fitowa. Masu kallo suka ce wajen ya fi ko'ina daɗi, a riƙa sa shi kullum.

A lokacin ne ya zo wurina. Bayan azahar ne, mutane sun watse. Bai shigo ba, ya zauna a matakala wajen takalma. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na fito na zauna kusa da shi. Ya yi magana mai tsawo, ban katse shi ba. Mafi yawan abin da nake gaya muku daga bakinsa na ji a ranar.

A ƙarshe ya kira ni da lakabin girmamawa da ake kirana da shi, ya ce: «Baba ji, matattu suna magana?»

Na ce: «Matattu sun shagala da abin da ke gabansu. Amma alkawarin da aka yi musu yana nan a wuyan mai rai. Ɗauko wayar. Ga ni zaune, ba inda za ni. Faɗa musu yanzu.»

Ya ciro ta daga aljihu. Ya kunna. Na ga fuskarsa a cikin gilashin. Leɓensa ya motsa.

Sai ya ce: «Saura kwana tara in cika dubu, Baba ji. Kwana dubu ba fashi. Ranar zan faɗa, wallahi. Mutane za su fi taruwa, addu'ar ma za ta fi yawa.»

Na ce: «Wa ya ba ka kwana taran?»

Ya duba inuwa, ya ce hasken zai wuce shi, ya tashi.

Ranar dubu ta zo. Wani kamfanin man girki ya nemi a riƙa nuna gwangwaninsa a gefen murhun Bebe har ƙarshen shekara. Ya ce to bayan wannan.

Da zafi ya shigo, Shagufta ta gaji. Ta ce wata rana tana tsugune, wutar ta yi ƙasa, kafin ta sunkuya ta hura sai ta ga harshen wutar ya kwanto wajenta, toka ta taso mata a fuska, kamar wani ya hura daga ɗaya gefen. Babu iska a ranar, ko ganye ba ya motsi. Ta miƙe ta cire mayafin ta ninke, ta zare awarwaron ta ɗora a kai. Ta ɗauki 'yarta.

«Baban Rimsha, ni na tafi gidanmu. Ranar da ka binne uwarka, ka zo ka ɗauke mu.»

Kuna tsammanin ya tsaya? Washegari da bakwai bidiyo ya fita. Ya matsar da waya nesa, can bakin rumfa, ana hango mai girki ta baya, lulluɓe tun daga kai har ƙasa. Maƙwabta suka yi ta mamakin wace mace ya samo, domin ba a ga kowa ta shiga gidan ba.

Lokacin mangwaro, wata bakwai da rasuwar, wata motar haya ta tsaya a rumfar Ashik. Wani mutum mai kauri ya fito, ɗauke da jaka da kwalin dabino.

«Salamu alaikum. Gidan Bebe Sardaran nake nema, mai girki. Daga Sharja nake, ko gida ban isa ba na biyo.»

Ashik, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya daɗe yana goge kofi ɗaya.

«Wane gidan, ɗan uwa? Tsohon ko sabon?»

«Ta tashi ne?»

«Ta tashi. Zauna ka sha ruwa tukuna.»

Bai zauna ba. Ashik ya bar shayinsa a wuta, ya raka shi da ƙafa har bayan gari, ƙarƙashin itatuwan nan. Baƙon, ashe Tanwir ne, ya tsaya ya karanta allon dutsen kabarin. Ya karanta kwanan wata. Ya ciro waya ya duba bidiyon jiya, ya sake duba dutsen. Ashik ya ce bai yi kuka ba a lokacin, sai dai ya tambaya a nuna masa tsohon gidan.

Ƙofa a sakaye take. Hayaƙi na tashi. Ya tura a hankali. Ga tsakar gidan da ya sani kamar nasa, ga gadon igiya, ga kaji. Ga mayafi ruwan toka a tsugune gaban murhu, an ba shi baya, ana juya gurasa.

Duk da abin da ya gani a maƙabarta, bakinsa ya riga shi. Ya ce: «Bebe?»

Mayafin ya juyo. Fuskar namiji ce, da gemu, da idanu jajaye. Awarwaron sun ƙi shiga hannunsa, ya ɗaure su da zare a wuyan hannu don su riƙa ƙara.

Suka dubi juna. Gurasa tana ƙonewa.

Tanwir ya ajiye kwalin dabino a ƙasa. Ya buɗe jaka ya ciro sabon mayafi, fari, da kwalbar maganin ido, ya ɗora a kai.

Ya ce: «Tawa uwar ban samu na tsaya a kanta ba. Na ce wannan zan gani da rai. Wata bakwai ina roƙa mata lafiyar ido, kai kana ce mini amin.»

Bai ƙara ba. Ya koma maƙabarta, ya tsuguna, ya ɗauki bidiyon dutsen da wayarsa. Ya ce: «'Yan uwa, Bebe Sardaran ta rasu tun hunturu. Ga kabarinta. Duk wanda ya taɓa cin abinci yana kallonta, ya yi mata Fatiha ɗaya.» Bai san da wasiyya ba. Babu wanda ya gaya masa.

Kafin kwana biyu abin ya kai ko'ina. An ce a ɗakunan leburori a Sharja an taru an yi mata addu'a. A Italiya an yi sauka. Wata mata daga Lahor ta aiko a haƙa famfo da sunanta, shi ne wanda kuke alwala da shi a waje. Bebe ta sami Fatiharta, fiye da yadda ta roƙa. Allah ba ya rasa ɗan aike.

Amma ba ta hannun ɗanta ba.

Mutane suka kai ƙarar shafin, dubbai a yini ɗaya. A rana ta uku ɗan ya cire mayafi, ya zauna gaban waya da fuskarsa, ya faɗi komai yana kuka, ya roƙi a yi wa uwarsa addu'a a yafe masa. Ya gama, ya gyara, ya jira bakwai ta cika, domin ko a ranar bai iya saɓa lokaci ba. Bakwai saura kwata kamfanin da ke da manhajar ya rufe shafin. Ya danna, babu inda za a aika.

Shekara biyu ke nan.

Yana nan a gidan. Wayar ta daɗe da mutuwa, gilashinta baƙi ne, a tsage. Kullum bayan azahar yakan fito da sanda mai ƙafa uku ya kafa, ya ɗora wayar, ya daidaita ta. Ya ɗora tukunya a murhu. Ba ya hura wuta. Babu wanda ya hana shi, shi ne in ya ɗauki ashana hannunsa ya ƙi. Ya zauna yana juya ludayi a cikin tukunya wayam. Ruwa ko rana, bai yi fashi ba.

Mamu Nazir ne ke aiko da abinci ta hannun maƙwabta, a ajiye a bakin ƙofa. Gidan da ya ƙi barin murhunsa ya huce kwana uku, yau shekara biyu yana cin gurasar ɗaci.

Ya 'yan uwa, me ya halaka mutumin nan? Waya ce? Tanwir ma da waya ya sauke abin da ɗa ya kasa. Neman halal ne? Wanda ya nace a sana'arsa wata goma sha huɗu ana yi masa dariya, ya ciyar da iyalinsa, yana da lada. Malamanmu sun karantar da mu cewa Allah yana son aikin da aka dawwama a kansa, ko da kaɗan ne. Naci baiwa ce. Abin tambaya shi ne, wa ka miƙa wa naka?

Shi ya san abin da ake nufi da kullum fiye da mu duka. Ya ba na'ura kullum, ya ba Ubangijinsa in na gama. An ce masa na'ura ba ta karɓar uzuri, ya gaskata, ya ji tsoronta. Bai taɓa ce mata gobe ba. Uwarsa ya ce wa gobe, sau ɗari biyu da wani abu. Kuma bai taɓa ƙudurta cin amana ba. Kowace rana niyyarsa ya faɗa. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a labarin, domin a cikinmu nan babu wanda ba shi da wani abu da ya yi niyyar yi da zarar ya gama wannan.

Duk sana'ar da ba za ka iya rufe ta kwana uku don mutuwar uwarka ba, ka zauna ka tambayi kanka wane ne mai wani tsakaninku. Wanda ke da wasiyya a wuyansa, ya sauke yau. Wanda iyayensa ke raye, ya amsa tun suna iya kira.

In an jima kaɗan inuwa za ta kai, zan tashi in yi kiran la'asar. Ku za ku ji, shi ma zai ji, lasifikar har yanzu gidansu take kallo. Maƙwabciyarsa ta ce kullum, da na kai ƙarshen kira, yakan dakatar da ludayi, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraro. Sannan ta jiyo shi ta bayan katanga, a hankali, cikin ladabi:

«Bari in gama wannan, Bebe.»

Allah ya jiƙan Bebe Sardaran, ya haskaka makwancinta. Allah ya dubi ɗanta da rahama, ya mayar masa da hankalinsa ko don ya samu ya tuba. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga goben da ba ta ƙarewa, ya sa in an yi kira mu iya ajiye abin da ke hannunmu. Amin.